Armeniyawa, Cocinsu da Gadonsu: Tambayoyi da Amsoshi

Masu ziyarar ibada da suka ratsa Unguwar Armeniyawa a Urushalima, da ɗaliban tarihi, da masu bin labaran rikicin Karabak, yankin da Armeniya da Azarbaijan suka yi yaƙi a kansa, kusan tambayoyi iri ɗaya suke dawowa da su. Ga su nan an tattara, daga na tushe zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Su wane ne Armeniyawa, kuma ina ƙasarsu take?

Armeniya ƙaramar ƙasa ce ta duwatsu a kudancin yankin Kaukasus, ba ta da bakin teku. Jojiya na arewa da ita, Azarbaijan gabas, Iran kudu, Turkiyya yamma. Faɗinta bai cika murabba'in kilomita 30,000 ba, mutanenta kusan miliyan 3, babban birninta Yerevan. Ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991. Amma ƙasar kakanninsu ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba: ta haɗa da gabashin Turkiyya na yau, da kewayen Tafkin Van, da Dutsen Ararat, wanda ake hangowa daga Yerevan alhali yana tsallaken iyaka. Armeniyawan da ke zaune a waje, a Rasha, Amurka, Faransa, Labanan, Iran, Ajantina da sauransu, sun fi na gida yawa.

Abin riƙewa tun daga nan shi ne, daga faɗuwar masarautarsu ta Kilikiya, a kudancin Turkiyya na yau, a 1375 har zuwa 1918, Armeniyawa ba su da ƙasa mai cin gashin kanta. A tsawon waɗannan ƙarnuka coci ne ya riƙe makaranta, da rajistar haihuwa da aure, da rabon gado, da wakilcin jama'a a gaban sarakunan Turkawa da Farisa da Rasha. Shi ya sa har gobe rigima a kan ginin coci ko dutsen kabari ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu.

Gaskiya ne su ne ƙasa ta farko da ta karɓi Kiristanci a hukumance?

Haka ne. Cocin yana ba da shekara ta 301, wasu masana tarihi kuma sun fi karkata ga 314, amma ko wacce aka ɗauka, Armeniya ta riga Daular Rum, wadda sai a 380 ta mai da Kiristanci addinin ƙasa. A ruwayar cocin, Sarki Tiridat na Uku ya jefa Girigori Mai Haskakawa cikin rami na shekara 13, daga baya ya kamu da ciwo, Girigori ya yi masa addu'a ya warke, sai ya karɓi baftisma shi da fadarsa. Ramin yana nan a gidan zuhudu na Khor Virap, ana sauka cikinsa da tsanin ƙarfe. Cocin kuma yana ɗaukar kansa na manzanni ne, domin yana danganta wa'azin farko a ƙasar ga Tadiyos da Bartalamawus, almajiran Almasihu.

Katolika ne su ko Otodoks?

Ba Katolika ba ne, kuma ba irin Otodoks na Girka da Rasha ba ne. Suna cikin dangin tsofaffin cocin Gabas tare da Kibɗawan Masar, da cocin Habasha, da na Eritiriya, da na Suriyanawa, da na Malankara a Indiya. Rabuwar ta samo asali daga taron Kalsidon na 451, wanda ya ce Almasihu yana cikin ɗabi'a biyu. Armeniyawa ba su halarci taron ba, don a shekarar nan suna fagen yaƙin Avarayr, inda Vardan Mamikoniyan ya faɗi yana kare addininsu daga Farisawa masu bautar wuta. Daga baya, a tarukan birnin Dvin cikin ƙarni na 6, suka ƙi amincewa da matsayar Kalsidon, suka tsaya a kan cewa allahntaka da mutuntaka sun haɗu cikin ɗabi'a ɗaya ba tare da cakuɗewa ba.

Akwai kuma tsiraru biyu: Armeniyawa Katolika, masu bin Fafaroma amma da irin tasu sujadar, da Armeniyawa Furotesta, waɗanda cocinsu ya kafu a Istanbul a 1846. 'Yan zuhudun Katolika na Mekhitar, da suka zauna a tsibirin San Lazzaro na Benis tun 1717, sun yi wa harshen hidimar da ko waɗanda ba su yarda da aƙidarsu ba suna jinjina musu.

Wa ke shugabancin cocin, kuma me ya sa ake jin shugabanni biyu?

Babban shugaba shi ne Katolikos na Dukan Armeniyawa, mazauninsa Echmiyadzin, yamma da Yerevan kaɗan. Karekin na Biyu ne a kan kujerar tun 1999. Akwai Katolikos na biyu, na Gidan Kilikiya, wanda ke Antelias a Labanan, Aram na Ɗaya, tun 1995. Asalin abin shi ne kujerar ta bi jama'a zuwa Kilikiya a zamanin masarautar can, da aka mai da ita Echmiyadzin a 1441 sai ta Kilikiya ta ci gaba da zamanta. Aƙida ɗaya ce, sujada ɗaya ce, kuma Antelias ta yarda da fifikon girma na Echmiyadzin. Zamanin yaƙin cacar baka ne ya zurfafa tsagin, lokacin da wasu Armeniyawan waje suka ƙi bin kujerar da ke ƙarƙashin Sobiyet. Shi ya sa a wasu biranen Amurka za ka tarar da coci biyu na Armeniyawa, kowanne da nasa bishop.

Ban da waɗannan akwai kujerun uban coci biyu, a Urushalima da Istanbul. Ba limamai kaɗai ke zaɓen Katolikos ba: majalisar zaɓen mafi yawanta wakilan jama'ar gari ne.

Me ya sa suke girmama haruffansu haka?

Domin haruffan ne suka hana su narkewa cikin Girkawa ko Farisawa. Wajen 405 wani ɗan zuhudu, Mesrop Mashtots, da goyon bayan Katolikos Sahak, ya tsara haruffa 36, kowace murya da nata harafin, aka ƙara biyu bayan ƙarnuka. Aikin farko shi ne fassara Littafi Mai Tsarki, aka fara da Littafin Misalai. Cocin ya ɗauki mafassaran nan a matsayin tsarkaka, yana yi musu idi a watan Oktoba.

Matenadaran, ma'ajiyar tsofaffin littattafai da ke Yerevan, tana riƙe da rubuce-rubucen hannu sama da 17,000. Mafi girma a cikinsu littafin wa'azi ne na garin Mush, nauyinsa kusan kilo 28, wanda mata biyu suka raba gida biyu suka gudu da shi a 1915. Marubutan wancan zamani kan bar bayani a ƙarshen littafi: sunansu, da shekarar, da yunwa ko yaƙin da ake ciki, da roƙon mai karatu ya yi musu addu'a. Da waɗannan bayanai ake gina tarihin garuruwan da yanzu babu Ba'armene ko ɗaya a cikinsu.

Yaya sujadar Lahadi take, kuma me baƙo ya kamata ya kiyaye?

Sunanta Patarag, ko Badarak a lafazin yamma, tana ɗaukar kamar awa biyu, kusan dukanta rerawa ce cikin tsohon harshen Girabar. Bagaden yana kan dandamali mai tsawo, da labule da ake ja ana buɗewa a wasu gaɓoɓi. Limami da dikinoni ba sa hawa dandamalin da takalmin waje, akwai silifa na musamman. Gurasar marar yisti ce, ruwan inabin kuma ba a sirka shi da ruwa, abin da ya bambanta su da kusan dukan tsofaffin coci. Kafin cin jibi, wato Jibin Ubangiji, jama'a na yin furcin zunubi tare, sannan limami ya tsoma gurasar cikin ƙoƙon ya sa wa mutum a harshe da hannunsa.

Baƙo ya sa tufafi masu rufe kafaɗa da gwiwa. Mata kan yafa ɗankwali, maza su cire hula. Ana sayen siririyar kyandir a bakin ƙofa a kafa ta cikin tiren yashi. Jibin na masu baftisma ne da suka shirya, amma akwai wata gurasa mai albarka, mas, da ake raba wa kowa a ƙarshe, ana karɓarta a bayan hannun dama. Idan ka ga mutane na fita da baya-baya, gudun juya wa bagade baya suke yi. A lokacin Babban Azumi labulen a rufe yake makonni, don haka wanda ya je a wannan lokacin murya kawai zai ji.

Me ya sa Kirsimetinsu 6 ga Janairu ne?

Tsohuwar al'adar Gabas ce ta haɗa haihuwar Almasihu da baftismarsa a rana ɗaya. Sauran coci sun koma 25 ga Disamba, Armeniyawa suka tsaya inda suke. Ran nan ana tsarkake ruwa ta hanyar tsoma gicciye da ɗiga mai mai tsarki da ake kira muron, jama'a su ɗiba su kai gida. A Urushalima da Baitalami, inda suke bin tsohuwar kalanda, ranar tana faɗowa 19 ga Janairu.

Manyan idodi biyar ne: Haihuwa, Ista, Vardavar, Ɗaukar Maryamu da Ɗaukaka Gicciye. Vardavar na zuwa kwana 98 bayan Ista, tsakiyar zafi, ran da kowa ke watsa wa kowa ruwa a titi. A idin Maryamu, cikin Agusta, ake sa wa 'ya'yan inabi albarka, masu kiyaye al'ada ba sa ɗanɗana na bana kafin nan. Kashegarin kowane idi ranar ziyarar kaburbura ce. Da yammacin 13 ga Fabrairu kuma ana hura wuta a harabar coci, sababbin ma'aurata su tsallaka, al'adar da ta girmi Kiristanci cocin ya rungume ta.

Yaya ake baftisma, kuma mene ne muron?

Abu uku ake yi a zama ɗaya, ko da jariri ne: a tsoma shi cikin ruwa sau uku, a shafe shi da muron, a ba shi jibi. Wuri tara ake shafawa: goshi, idanu, kunnuwa, hanci, baki, tafin hannu, ƙirji, baya da ƙafafu. Sai a rataya masa gicciye da zaren fari da ja a murɗe. Uban baftisma dole ya zama ɗan cocin mai baftisma, kuma zumuncin da ke ƙulluwa tsakanin gidansa da na yaron yakan bi zuriya.

Muron man zaitun ne da aka dafa da balsam da furanni da saiwoyi masu ƙamshi sama da 40. Tukunyar tana kwana 40 a gaban bagade ana addu'a, kuma Katolikos kaɗai ke tsarkake shi. Ana zuba ragowar tsohon cikin sabon, don kada sarƙar ta yanke. A al'ada bayan shekara bakwai-bakwai ake yi, ko da yake a Echmiyadzin an yi a 2015 sai kuma 2024. Daga nan ake raba wa bishop-bishop su kai ko'ina a duniya. Takardar baftismar tana da amfani ko a ofis: tana cikin shaidun da gwamnatin Armeniya ke karɓa daga 'yan waje masu neman zama 'yan ƙasa ta hanyar asali.

Limamansu suna aure? Mata fa?

Limaman unguwa masu aure ne, amma sai an yi auren kafin naɗi. Ana ce wa irinsu Ter Hayr. Marasa aure su ne masu baƙar hula mai tsini, ana ce musu Hayr Surp, kuma daga cikinsu kaɗai ake naɗa bishop. Sabon limami yana samun sabon suna, ya yi kwana 40 a keɓe cikin coci yana azumi kafin ya ja sujadarsa ta farko. Ba a naɗa mace limami. Dikinoni mata kuwa tarihin cocin ya san su, musamman a gidajen zuhudu, kuma a 2017 an naɗa wata a Tehran, amma abin bai zama ruwan dare ba.

Mene ne matagh? Hadaya ce?

Sadaka ce ta dabba, don godiya bayan tsira daga ciwo ko haɗari, ko cika alwashi, ko don mamaci. Cocin yana nanata cewa ba ta kankare zunubi. Ƙa'idojinta a fili suke. Dabbar namiji ce mai lafiya: sa, rago ko zakara, tattabara kuwa sakinta ake yi. Limami yana sa wa gishiri albarka a ba dabbar, a yanka ta a wajen ginin coci. Da ruwa da gishiri kawai ake dafa naman. A al'ada naman sa gida 40 ake kai wa, na rago bakwai, na zakara uku, kuma ba ya kwana. Ba a yi a ranakun azumi.

Inda ake kuskure shi ne a mai da ita walimar gashi ta dangi da abokai, mabuƙata ba su ga komai ba. Limamai na yawan tsawatarwa a kan wannan, da gaskiyarsu, domin idan babu rabon talaka sunan matagh kawai ya rage.

Aure da jana'iza fa?

A coci ango da amarya kan haɗa goshi, uban baftisma ya riƙe gicciye a kansu, a sa musu kambi, su sha daga ƙoƙo ɗaya. A ƙofar gida uwar ango ta ɗora musu gurasar lavash a kafaɗa, ta ba su zuma, su fasa faranti da ƙafa. Ba a ɗaura aure cikin Babban Azumi. A dokar Armeniya auren coci kaɗai bai isa ba, sai an yi rajista a ofishin gwamnati, kuma matan da aka bari da na coci kaɗai su ke shan wahala ranar rabuwa ko rabon gado.

Bayan binne mamaci ana komawa kabari kashegari, sannan ran bakwai, ran arba'in da cikar shekara, a ƙona turare a yi addu'ar neman hutu ga ransa.

Mene ne khachkar?

Dutse ne a tsaye, yawanci tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, an sassaƙa gicciye a tsakiyarsa bisa wani da'ira, an kewaye shi da saƙar zane da ganyen inabi da rumman. Da wuya a sa siffar mutum a jikin gicciyen. Ana kafa shi a kan kabari, ko don tuna nasara, ko gina gada, ko tonon maɓuɓɓuga, fuskarsa na kallon yamma. Sun fara bayyana a ƙarni na 9, gwanintar ta kai ƙololuwa tsakanin ƙarni na 12 da 14. Na Goshavank, wanda Poghos ya sassaƙa a 1291, kamar saƙar zare yake. Maƙabartar Noratus kusa da Tafkin Sevan ce ke da tari mafi yawa a yau. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon duniya a 2010.

Da dutsen aman wuta mai laushi ake yi, a zana, a sassaƙa da kurfi, a goge da yashi mai laushi, a cike tsaga da yumɓu ko farar ƙasa, sannan limami ya shafe shi da muron. Laushin da ke sauƙaƙa aikin shi ne kuma rauninsa: ruwa ya shiga tsaga, sanyi ya daskarar da shi, dutsen ya fashe. Gyara da siminti yana ƙara ɓarna, don yana tsare danshi da gishiri a ciki. Ɓarnar hannun mutum kuwa, duba amsar da ke kan Turkiyya da Azarbaijan.

Ban da coci, me ake gane su da shi?

Lavash, gurasa mai faɗi siririya da ake mannawa a bangon tanderun ƙasa. Idan ta bushe tana yin watanni, a yayyafa mata ruwa ta dawo. Duduk, abin busa na itacen afirkot, wanda ba a busa shi shi kaɗai: ɗaya na jan waƙa, na biyu na riƙe da murya ɗaya ba yankewa. Rawar kochari ta kafaɗa da kafaɗa. Da harisa, alkama da nama da ake kwana ana tuƙawa. Waƙoƙin ƙauye da yawa sun tsira ne saboda limami Komitas ya bi gari-gari yana rubuta su kafin 1915.

Me ya faru a 1915?

A 24 ga Afrilu 1915 gwamnatin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ƙarƙashin jam'iyyar Matasan Turkawa, ta kame manyan Armeniyawa a Istanbul: marubuta, limamai, likitoci, 'yan majalisa. Aka kashe mafi yawansu. Maza da ke soja aka karɓe makamansu aka hallaka su, mata da yara da tsofaffi aka kora su a ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Deir ez-Zor. Ƙiyasin waɗanda suka mutu yana tsakanin 600,000 da miliyan ɗaya da rabi. Dubban mata da yara aka shigar gidajen wasu, suka tashi da wani suna da wani addini.

Mafi yawan masana tarihi sun kira shi kisan ƙare dangi, kuma ƙasashe sama da 30 sun amince da haka, ciki har da Faransa a 2001, Jamus a 2016, da shugaban Amurka a 2021. Turkiyya ta yarda an yi asarar rayuka amma ta ƙi kalmar, tana cewa halin yaƙi ne, kuma Musulmi ma sun mutu da yawa. Kowace 24 ga Afrilu jama'a na hawa tudun Tsitsernakaberd a Yerevan da furanni. A 2015 cocin ya ayyana waɗanda aka kashe saboda imaninsu a matsayin tsarkaka, don haka yanzu ba a yi musu addu'ar mamata, roƙon addu'arsu ake yi.

To, gaba ce tsakaninsu da Musulmi?

Wanda ya karanta tarihin haka ya karanta rabi. Jagororin kisan 1915 'yan kishin ƙabila ne, ba malaman addini ba, ko da yake sun yi amfani da addini wajen tunzura jama'a. Tun a 1909 Shehin Azhar, Salim al-Bishri, ya yi tir da kisan Armeniyawa a Adana. Sharif Husaini na Makka ya rubuta umarni a kare waɗanda suka tsira a kula da su. Larabawan Siriya sun ɗauki marayu, Halab da Beirut suka zama sabon gida. Cikin Kurdawa akwai waɗanda suka sa hannu a kisan, akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu.

A Iran, inda Shah Abbas ya kwaso su zuwa Isfahan a farkon ƙarni na 17, suna da kujeru biyu a majalisa, kuma gwamnati na kula da tsofaffin gidajen zuhudunsu. Iyalan Balyan, Armeniyawa, su suka gina fadar Dolmabahce da masallacin Ortakoy a Istanbul. A Yerevan kuma Shuɗin Masallaci na ƙarni na 18 yana aiki, Iran ce ta gyara shi.

Ina makomar gine-ginensu da ke Turkiyya da Azarbaijan?

Kafin 1915 akwai coci da gidajen zuhudu sama da 2,000 a ƙasar Usmaniyya. Mafi yawa sun rushe, ko an kwashe duwatsunsu, ko masu haƙar neman zinariya sun tone su. Kaɗan an gyara: cocin tsibirin Akhtamar, ginin 915 zuwa 921, an buɗe shi a 2007 a matsayin gidan tarihi, ana barin sujada sau ɗaya a shekara. Kangon birnin Ani ya shiga jerin UNESCO a 2016.

A Nakhchivan, wani yanki na Azarbaijan, abin ya fi muni. Maƙabartar Julfa, mai dubban khachkar, an shafe ta tsakanin 1998 da 2006. An ɗauki hoton sojoji da guduma daga tsallaken kogi a Iran a Disamba 2005, hotunan tauraron ɗan'adam kuma suka tabbatar fili ne ya rage. Azarbaijan ta musanta. Bayan yaƙin kwana 44 na 2020 da farmakin Satumba 2023, Armeniyawa sama da 100,000 suka fice daga Karabak cikin kwanaki, suka bar gidajen zuhudu na Gandzasar, Dadivank da Amaras. A Disamba 2021 Kotun Duniya ta umarci Azarbaijan ta hana lalata waɗannan wurare, duk da haka masu bibiya ta tauraron ɗan'adam sun nuna an rushe cocin Kanach Zham na Shushi. Akwai kuma wata ɓarnar marar ƙara: a ce ginin na tsohuwar al'ummar Albaniyawan Kaukasus ne, abin da ke buɗe ƙofar kankare rubutun Armeniyanci da sunan gyara.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. A shekarun da Armeniyawa ke riƙe da yankunan kewayen Karabak, dubban ɗaruruwan Azarbaijanawa sun rasa gidajensu, garin Aghdam ya zama kufai, an wulaƙanta masallatai da maƙabartu. Wannan laifi ne, kuma ba ya halatta wancan.

Mai ziyara a Urushalima me zai gani nasu?

Unguwarsu ɗaya ce daga huɗu na Tsohon Birni, zuciyarta cocin Yaƙub Mai Tsarki, wanda fitilun mai ke haskawa, kuma ba a buɗe shi sai lokacin sujada. Wanda ke son shiga ya nufi ta la'asar, wajen ƙarfe uku, zai ji ana buga katako maimakon ƙararrawa. Armeniyawa na cikin manyan masu riƙon Cocin Kabari da Cocin Haihuwa na Baitalami, tare da Girkawa da Katolika. Tangaran mai shuɗin zane da ke cike da kasuwa sana'ar iyalan da aka kawo daga Kutahya ce a 1919 don gyaran tayil na Ƙubbatus Sakhra.

Jama'ar sun ragu ƙwarai. A 2021 aka ba wani kamfani hayar filin da ake kira Lambun Shanu na kusan shekara ɗari don gina otal. Matasan unguwar suka tayar, fadar uban cocin ta sanar da soke yarjejeniyar a 2023, magana ta koma kotu.

Suna da alaƙa da Afirka?

Sosai, ta Masar da Habasha da Sudan. Badr al-Jamali, wazirin Fatimiyyawa da ya gina ƙofofin Bab al-Futuh da Bab Zuwaila a Alƙahira, asalinsa Ba'armene ne, haka Nubar Pasha, firaministan Masar na farko a 1878. A 1924 Ras Tafari, wanda ya zama Haile Selassie, ya ga marayun Armeniyawa 40 masu busa a gidan zuhudun Urushalima ya kai su Addis Ababa, malaminsu Kevork Nalbandiyan ya tsara kiɗan taken ƙasar na wancan zamani. A Khartum ma sun gina cocinsu, sai dai jama'ar ta watse.

Yaya coci da gwamnati suke a yau?

Tsarin mulki ya raba su, amma ya amince da matsayi na musamman na cocin a tarihin al'umma. Sama da kashi 90 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna kiran kansu 'ya'yansa, masu zuwa kowace Lahadi kuwa tsiraru ne, gadon shekara 70 na mulkin Sobiyet, wanda a cikinsa aka rufe coci aka kashe limamai. Tun bayan shan kaye a yaƙin Karabak na 2020 dangantaka ta yi tsami. A 2024 Akbishop Bagrat Galstaniyan ya jagoranci tattaki daga Tavush zuwa Yerevan don adawa da miƙa wa Azarbaijan ƙauyuka huɗu. A Yuni 2025 aka kama shi bisa zargin shirya ƙwace mulki, zargin da ya musanta, Firaminista Nikol Pashiniyan kuma ya fito fili yana neman a sauke Katolikos. Masu goyon bayan gwamnati na cewa manyan limamai sun shiga siyasa kuma ba sa bayyana kuɗin coci. Ɗaya ɓangaren na cewa ba hurumin gwamnati ba ne ta zaɓa wa coci shugaba, tunda yana da majalisarsa, kamar yadda aka bayyana a amsar shugabanci.

Waɗanne matsaloli ne suka fi damun iyali?

Na farko ci-rani. A yankuna irin su Shirak da Gegharkunik maza kan tafi Rasha aikin gini daga bazara zuwa hunturu, ƙauye ya rage mata da tsofaffi, wasu kuma su kafa wani gidan a can. Girgizar ƙasar 7 ga Disamba 1988, wadda ta kashe aƙalla mutum 25,000, ta bar iyalai a Gyumri cikin ɗakunan kwano na wucin gadi shekaru da dama. Yanzu ga 'yan gudun hijirar Karabak, kusan mutum ɗaya cikin 30 na ƙasar, suna neman gida da aiki.

Na biyu fifita ɗa namiji. Wajen shekara ta 2000 ana haifar maza kusan 120 a kan mata 100, alhali a ɗabi'a bai wuce 105 ko 106 ba. Sanadin shi ne iyali sun ƙanƙance, na'urar duba ciki ta samu, ga matsin dangin miji na neman magaji. Dokar 2016 ta hana zubar da ciki saboda jinsi, wayar da kai ta taimaka, adadin ya sauko, amma bai daidaita ba. Na uku dukan mata a gida. Sai a Disamba 2017 aka samu doka, ita ma da nufin sasanta iyali a gaba, abin da masu kare mata suka ce yana mai da wadda aka zalunta hannun mai zaluntarta. An gyara wannan a 2024.

Gaskiya ne harshen Armeniyawan waje yana mutuwa?

Reshe ɗaya ne ke cikin haɗari. Armeniyancin gabas harshen gwamnati ne a Armeniya, ana kuma yin sa a Iran da Rasha. Na yamma, na zuriyar waɗanda suka tsira a 1915, ba shi da ƙasa, kuma UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ke fuskantar ɓacewa a 2010. Sun bambanta a lafazi, wanda ake kira Petros a gabas shi ne Bedros a yamma, da kuma a rubutu, tunda Sobiyet ta sauya ƙa'idar rubutu a 1922, 'yan waje suka riƙe tsohuwar.

A da Beirut da Halab ne ke samar da malamai da littattafai. Yaƙin basasar Labanan, sannan na Siriya, suka watsa waɗannan unguwanni, makarantar kwana ta Melkoniyan a Kubrus kuma aka rufe ta a 2005. 'Ya'yan Siriyawan da suka koma Yerevan na gabas suke tashi da shi. Makarantar Asabar ta awa biyu ko uku tana koya haruffa da addu'o'i, amma ba ta samar da yaron da zai yi faɗa ko wasa da harshen. Inda ake ganin sakamako shi ne gidan da aƙalla mahaifi ɗaya ba ya yi wa yaro magana da wani harshe, da makarantar kullum da ke koyar da lissafi da kimiyya da shi, da sansanonin hutu irin wanda Gidauniyar Gulbenkiyan ke tallafawa, inda yara ke shirya wasan kwaikwayo da shirin rediyo da harshen ba tare da ana katse su don gyaran nahawu ba.